Mutum Nawa Ke Jin Ku? Yadda Gidan Rediyo a Bauchi Zai San Masu Sauraronsa, Ya Bi Su Inda Suka Koma

Duk wanda ya taɓa fita neman talla wa gidan rediyo ya san wannan zaman. Kana shagon wani Alhaji mai atamfa da shadda a kasuwar Wunti, ka zuba bayani har ka kai aya, sai ya dube ka ya ce, "To yaro, mutum nawa ne ke jin ku?" Ka gyara zama ka ce, "Ranka ya daɗe, ai ana kama mu har Gombe, har Jos, wani lokaci har cikin Jigawa." Amsar ba laifi, sai dai ta wata tambayar ce daban. Nisan da murya ke kaiwa aikin dogon ƙarfe ne da ƙarfin na'ura. Yawan waɗanda suka kunna suka zauna suka saurara kuwa wani lissafi ne, kuma shi Alhaji ya tambaya.

A da wannan amsar kan wadatar, domin babu zaɓi. Kafin 1992, shekarar da aka kafa NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, aka buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa, duk wani gidan rediyo a Najeriya na gwamnati ne. Mutumin Bauchi yana da BRC, gidan rediyon jiha, yana da Rediyon Kaduna, sai BBC da Muryar Amurka da Muryar Jamus a gajeren zango. Yau ga BRC, ga Globe FM ta Rediyon Tarayya, ga Albarka Radio da sauransu, ga kuma wayar da ke aljihu cike da wa'azi da waƙa da saƙon murya. Ɗan Alhaji ma ya riga ya nuna masa cewa in ya saka hoton shadda a Facebook, ana gaya masa adadin waɗanda suka gani. Shi ya sa ya fara tambaya.

In an canja mudu

Kafin a shiga matakai, yana da kyau a ga yadda ake awon a wasu wurare, saboda akwai darasi a ciki. A Ingila, wata cibiya mai suna RAJAR ce ke awon tun 1992. Ana zaɓo mutane a ba su kundi na mako guda, su riƙa cike tashar da suka saurara a kowane rubu'in sa'a, wato minti 15. Amurka ma da irin wannan kundi ta daɗe tana aiki, a hannun kamfanin Arbitron. A 2007 kamfanin ya fara amfani da wata 'yar na'ura a manyan birane, wadda mutum ke yawo da ita a jikinsa, tana sauraron wata ɓoyayyiyar alama da kowace tasha ke cusawa cikin sautinta, alamar da kunnen mutum ba ya ji.

Da aka koma na'ura, sai lissafi ya hargitse. Ashe mutane na jin tashoshi da yawa fiye da waɗanda suke tunawa, amma ba sa daɗewa a kan kowace kamar yadda suke rubutawa. Tashoshin da masoyansu ke cika musu kundi da hannu sake suka yi ƙasa. Tashoshin baƙaƙen fata da na masu jin Sifaniyanci suka koka cewa ba a saka mutanensu yadda ya kamata cikin masu ɗaukar na'urar ba, har magana ta kai kotu a New York a 2008. Gidajen rediyo suka shiga rage surutun masu gabatarwa. Kamfanin Nielsen ya saye Arbitron a 2013, kuma daga Janairun 2025 ya rage sharaɗin ƙirga mai sauraro a biranen da ake amfani da na'urar, daga minti 5 cikin rubu'in sa'a zuwa minti 3.

Masu sauraron ba su canja dare ɗaya ba, mudun aka canja, ciniki ya canja. Don haka duk wata lamba da aka kawo maka, fara da tambayar da wane mudu aka auna. A nan gida babu waccan na'ura. Akwai kamfanonin bincike da ke yi wa manyan masu talla aiki, wasu ta hira, wasu irin su GeoPoll ta saƙon tes. Awon da ke tafiya ta tes kuwa ba zai ga tsohuwar da ke Darazo wadda ba ta karanta boko ba, alhali rediyonta ba ya mutuwa daga asuba zuwa isha'i. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo. Awonka kai za ka yi.

Mataki na farko: buɗe wa masu kira littafi

Wannan ba ya cin kuɗi. Ajiye littafi a situdiyo na mako biyu, duk wanda ya kira a rubuta sunan da ya faɗa, garinsu, da shirin da ya kira. Ranar da aka zauna aka duba, za a ga abin da kowa ya sani amma ba a so a faɗa: sunaye ƙalilan ne ke ta dawowa. Yawancinsu maza ne, 'yan cikin gari, masu kati a waya da lokaci da kuma bakin magana. Wasunsu 'yan ƙungiyoyin masu sauraro ne da ke zagaya tashoshi, in sun gama da kai su murɗa gaba su gaida abokansu a can.

Mutane ne masu daraja, su ke raya filin gaishe-gaishe, kada a wulaƙanta su. Amma ba su ne jama'a ba. Matar da ke tankaɗe a Ningi ba za ta kira ba, makiyayin da ya rataya rediyo a kafaɗa a dajin Alkaleri ba zai kira ba. Kuskuren da na fi gani a wannan sana'a shi ne a auna shiri da ƙarar waya. Wasan kwaikwayo ko shirin lafiyar mata yana iya fin kowane shiri jama'a ba tare da waya ta yi ƙara ko sau ɗaya ba.

Mataki na biyu: fita ka tambaya, amma da tsari

Fara da sanin iyakarka ta gaskiya. Ɗauki ƙaramin rediyo mai arha da ƙaramar waya mai FM, irin waɗanda talaka ke riƙewa, ka bi manyan hanyoyi: ta Jos har Toro, ta Gombe har Alkaleri, ta Ningi, ta Darazo, ta Dass. Zangon FM kusan a miƙe yake tafiya, dutse na tare shi, shi ya sa ƙauyen da ke bayan duwatsun Dass zai iya rasa ka alhali wani gari mai ninkin nisansa a fili yana jin ka tar. Rubuta inda murya ta fara shashasha da inda ta ɗauke. A yi gwajin da ƙarfin da na'ura ke aiki da shi kullum, ba ƙarfin da ke rubuce a takarda ba.

Sai yawan mutanen da za a tambaya. Ƙa'idar lissafi ita ce, in an zaɓo mutum 400 ba tare da son rai ba, sakamakon na iya kaucewa da kimanin maki 5 cikin 100, sama ko ƙasa. In mutum 100 ne, kaucewar ta kai maki 10. Saboda haka 400 ya isa ka san matsayinka gaba ɗaya, amma in ka yanyanka su, ka ce bari in ga 'yan matan ƙauye kaɗai, adadin ya ragu, tabbacin ma ya ragu.

Zaɓen mutanen shi ne ran aikin, kuma nan ake yawan ɓata shi. Kada a tsaya bakin tashar mota ko majalisar mai shayi a tambayi duk wanda aka samu, domin sakamakon zai zama na maza masu zaman waje. A rubuta sunayen unguwanni da ƙauyukan da muryarka ke kaiwa a 'yan takardu, a yi ƙuri'a. In Jahun ta fito, Jahun za a je. In Gwallameji ce, can. In wani ƙauye ne mai wuyar hanya, a daure a je. A kowane wuri a riƙa tsallake gida huɗu a shiga na biyar, a cikin gidan ma a yi ƙuri'a tsakanin manya, kada kullum a ɗauki maigida. Rabin masu tambaya su zama mata, tunda namiji ba zai shiga cikin gida ba, kuma can cikin gidan ne rediyo ya fi daɗewa a kunne. A fara gaida mai unguwa ko sarkin gari kafin a taka ƙofar kowa. Da ɗan gari akan ci gari: a samu mai jin Fulatanci, da mai jin Sayanci ko Jaranci in za a yi kudu. Ɗalibai masu koyon aikin jarida a makarantun garin za su iya aikin in an zauna da su kwana guda an koya musu, an kuma biya su kuɗin mota da na abinci.

Kada mai tambaya ya sa rigar gidan rediyon, kada ya ambaci sunansa. Bahaushe na da kara. In ya gane daga ina kake, tasharka zai ce yana ji ko da rabonsa da ita tun bara.

Tambayar ma akwai yadda ake yin ta. "Wace tasha kika fi so?" ba ta da amfani, domin so daban, sauraro daban. Jiya ake tambaya, kuma da lokutan salla ake bi, ba da agogo ba:

"Inna, jiya bayan kin idar da sallar asuba, kin kunna rediyo?"

"Na kunna mana, 'yar nan."

"Me ake yi a lokacin?"

Da wuya ta faɗi sunan tasha. Za ta ce ana karatu, ko ta kwatanta muryar mai gabatarwa. Shi ya sa mai tambaya zai riƙe jadawalin dukkan tashoshin da ake kamawa a yankin, ya gano da kansa. Haka za a bi da ita hantsi, azahar, la'asar, magariba, har kwanciya. A kowane zango a tambayi da me aka saurara: rediyo ne, waya ce, cikin Keke Napep ne, ko a shagon wani? Wa ya kunna? A ƙarshe a tambayi abin da take ji a waya wanda ba rediyo ba. A raba aikin cikin kwana bakwai, saboda Juma'a da ranar kasuwa ba kamar sauran ranaku suke ba. Ba a buƙatar suna ko lambar waya, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan, don haka abin da ba ka buƙata kada ka karɓa.

Lambobi uku za ka fitar. Ta farko, mutum nawa suka ji ka jiya ko da sau ɗaya. A ce cikin 400 an samu 120, wato kashi 30 cikin 100. Ta biyu, rabonka a kowane zango: in mutum 200 ke kan rediyo bayan asuba, 50 suna wurinka, kana da rubu'i. Ta uku, tsawon zaman da mai sauraro ke yi kafin ya murɗa. Haɗa ta farko da ta uku shi ke nuna ciwo. In masu leƙowa na da yawa amma ba sa daɗewa, an san ka, shirin ne ba ya riƙe mutum. In kaɗan ne amma suna wuni tare da kai, shirin na da kyau, matsalar ta rashin sani ce ko ta rashin kamawa. Maganin ɗaya ba ya yi wa ɗayan.

Mataki na uku: kada lambobin intanet su ruɗe ka

Facebook ya daɗe yana ƙirga daƙiƙa 3 a matsayin kallo, wato wanda ya zo wucewa ma an lissafa shi. Abin dubawa shi ne jimillar mintunan da aka kalla, da daidai wurin da mutane ke fita, da garuruwan da suke. Za ka iya tarar da cewa da yawansu 'yan Bauchi ne mazauna Legas, Abuja ko Saudiyya masu kewar gida. Kasuwa ce mai kyau ga mai sayar da fili ko kamfanin sufuri, amma ba ta mai gidan burodi a Yelwa ba ce. Kada a tara mabiya shafi a kan masu sauraro a ce ga jimilla; mutum ɗaya ne za a ƙirga sau biyu. Sannan tun Fabrairun 2025 Facebook na goge bidiyon kai-tsaye bayan kwana 30, don haka a sa wani ya riƙa sauke shirye-shirye yana adanawa.

Mataki na huɗu: gyara jadawali ya bi ranar mai sauraro

Jadawalin da ba ya motsi daga Janairu zuwa Disamba ya manta da inda yake. Ranar mutumin Bauchi ta damina ba ita ce ta rani ba. Daga Yuni zuwa Satumba manomi ya bar gida da sassafe, don haka hasashen yanayi na hukumar NiMet da farashin taki da maganin feshi su zo bayan asuba ko bayan magariba. Da kaka, farashin masara da dawa da wake a kasuwannin ƙauye ya fi kowane sharhi jan kunne. Da azumi komai ya juye: sahur ya zama lokaci mai tsada, ga tafsiri, ga sa'ar da mata ke kicin kafin shan ruwa. A tanadi jadawali uku ko huɗu tun farkon shekara. A kuma lura da lokutan da tashoshin waje ke labarai. In bincikenka ya nuna jama'a na komawa can, kada ka ƙone mafi kyawun shirinka a wannan lokacin, ka ajiye shi daidai sa'ar da suke dawowa.

Cikin sa'ar ma akwai gyara, kuma nan ne za a yi rigima. Mun saba buɗe shiri da dogon take, sai gaida shugabanni, sai godiya ga injiniya, minti biyar sun tafi ba a shiga magana ba. Mai tsohon rediyo yana haƙuri, domin murɗawa wahala ce. Mai waya da babban yatsa kawai zai wuce. A faɗi abin da shirin ya ƙunsa cikin minti na farko, a shiga ciki. Ban ce a kashe gaisuwa ba, rediyon Hausa babu gaisuwa ai lami ne. A mayar da ita tsakiya ko ƙarshe. A riƙa ambaton sunan tasha da lambar zangonta a kowane rubu'in sa'a, saboda awon da ake yi a nan da abin da mutum ya tuna yake aiki, wanda bai riƙe sunanka ba wata tasha zai ba ladan. In za a yi alkawarin abin da ke tafe, a faɗi lokacinsa takamaimai: ƙarfe takwas da rabi, ba "nan gaba kaɗan" ba.

Talla kuma kada a jibge ta wuri ɗaya. Mai maganin gargajiya da ya sayi rabin sa'a yana kawo kuɗi a hannu, kuma gidan da ke bin bashin gas ba zai kore shi ba, amma kada a dasa shi tsakanin labarai da babban shirin yamma, domin duk wanda ya kora ba lallai ya dawo ba.

Batun wuta ma batun masu sauraro ne. Wanda ya kunna sau biyu ya ji shiru ya samu wata tasha. Tun cire tallafin mai a 2023 kuɗin gudanarwa ya yi nauyi, kuma in dole ne a rage sa'o'i, binciken nan zai nuna waɗanda suka fi ƙarancin jama'a; a yanke su, a sanar, a tsaya a kan sabon lokacin. Duhun da Arewa ta shiga na kwanaki a Oktoban 2024 ya nuna wani abu: wayoyi sun mutu, rediyo mai batir na magana. Tashar da ke da sola a irin wannan rana ita ke da gari.

Mataki na biyar: aika shirin inda eriya ba ta kaiwa

Matashi ba zai jira ƙarfe tara ba, amma zai saurari minti biyu da aka turo masa a WhatsApp. A kowace rana a yanko wuri biyu ko uku mafi zafi a shirye-shirye, kowanne kada ya wuce minti 3. A faɗi sunan tasha da baki a farko da ƙarshen sautin, domin in an tura shi hannu uku rubutun da ke ƙasa ya ɓace.

A tausaya wa datar mutane, musamman tun ƙarin farashi na kashi 50 cikin 100 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025. Lissafin a fili yake: sautin da ake watsawa ta intanet a kan kilobit 128 a daƙiƙa yana cin kusan megabait 58 a sa'a, a kan 64 kusan 29, a kan 32 kusan 14. Ga shirin magana, 32 zuwa 64 ya wadatar. Bidiyo ya ninka haka sau da yawa, don haka ba kowane shiri ke buƙatar kyamara ba. Akwai kuma hanyar da ba ta cin data ko kaɗan: masu shagon cajin waya da ke tura wa mutane waƙa da wa'azi a memori. Kai musu wasan kwaikwayonka na mako kyauta.

A buɗe lambar karɓar saƙon murya. Matan da ba za su kira kai-tsaye ba saboda kunya ko aiki sukan aiko da saƙo, ballantana in mace ce ke karɓa, kuma furodusa na da damar tacewa kafin a saka.

Mataki na shida: koma wurin Alhaji

Wannan karon da takarda guda: ranar da aka yi bincike, mutum nawa aka tambaya, a ina, da abin da aka samu a kowane zango, har da inda wata tasha ta fi ka. Yabon kai jahilci. In kowace tasha ta ce ita ce ta ɗaya, mai talla ya daina yarda da kowa. Gara ka ce, "Alhaji, da safe ba mu ne gaba ba, amma daga hantsi zuwa azahar matan aure na wurinmu, kuma su ke sayen atamfa." A raba farashi bisa zango, mai jama'a ya fi tsada. A ba shi hanyar gwaji: tallar ta ce duk wanda ya zo ya ce a rediyo ya ji, za a yi masa ragi, yaron shago ya riƙa ja layi a takarda.

Kakar zaɓe kan kawo kuɗin sojojin baka, waya ta yi ta ƙara, a ɗauka gari ya dawo wurinka. A duba littafin masu kira kafin a yarda, a kuma tuna da ƙa'idojin NBC kan adalci tsakanin jam'iyyu.

Akwai abin da ya fi lissafin wuya. Binciken zai iya nuna cewa shirin wani dattijo da ya shekara ashirin a bakin makirfo ba shi da jama'a kamar da. Kada a karanta wannan a taron ma'aikata. A same shi shi kaɗai, a nuna masa takardun, a nemi shawararsa. Sau da yawa lokacin ne ya gudu ya bar shirin, sauya masa zango kawai ake buƙata.

A maimaita binciken sau biyu a shekara, ɗaya da rani ɗaya da damina, da tambayoyi iri ɗaya ba ƙari ba ragi, in ba haka ba kai ma ka canja mudu. Tsakanin bincike da bincike a taɓa abu ɗaya ko biyu kawai a jadawali, don a san wanne ya yi aiki. In bambancin da aka gani tsakanin bincike biyu masu mutum 400 bai kai maki 7 ba, kada a yanka rago, kada kuma a kori kowa, yana iya zama kaucewar lissafi ce. Takardun da aka cike kuwa a ɗaure su da kwanan wata a sa a kabad mai makulli, da su za a gwada na damina mai zuwa, kuma wata rana wakilin kamfanin talla daga Legas zai ce a nuna masa.